Makullin Milad

Wagdi Sarhan irin mutanen nan ne da ko gaishe su ka yi da fara'a sai sun wuni suna tunanin abin da kake nema a wurinsu. An san mutanen garin Dumyat na bakin teku da riƙe abin hannunsu, amma shi har yarda riƙe ta yake yi, ba ya ba kowa. Idan mai sayar da ful, dafaffen wake, ya ƙara masa cokali ɗaya, to na jiya ne yake so ya rabu da shi. Idan matarsa ta dafa agwagwa ba ranar salla ba, akwai maganar da take shirin kawowa. A duk faɗin garin mutum ɗaya ne ya tsallake wannan zargi, wato Milad, wanda suka yi shekara goma sha tara tebur na kallon tebur a ofishin Alhaji Bayumi. Shi ma ɗin sai da ranarsa ta zo.

Yana saurayi, Wagdi ya yi shekara tara a bakin tagar kwastan ta tashar jirgin ruwa, yana cike wa mutane fom. A can ya koyi darasin da ya bi shi har furfura, cewa ba a barin gurbi. Wata rana ya bar layi ɗaya fayau saboda babu abin rubutawa a wurin. Jami'i ya turo masa takardun ta ƙarƙashin gilashi, ko kallonsa bai yi ba, kwantenar kujeru ta yi kwana goma sha ɗaya a rana har gam ya saki. Mai kayan ya zage shi tas a gaban jama'a. Tun daga ranar, idan ka ba Wagdi takarda mai gurbi goma, goman zai cike, ko da maimaici ne.

Ofishin Alhaji Bayumi ɗaki biyu ne a saman ma'aikatarsa ta kafintoci, inda ake sassaƙa gadaje da kujerun falo ana turawa Libiya da Kuwait. Wagdi ke da takardun kwastan, Milad ke da wasiƙu da masu saye, Madam Afaf kuwa hotunan kaya da zane. Su uku ke nan, sai ta huɗunsu a cikin kabad, wata tsohuwar kwamfuta da suke kira Hajiya, don kowa sai ta hannunta yake fita, kuma ba ta daina gunaguni. Kati biyu ne a bayanta, kowanne da wayarsa. Ɗaya yana kallon waje, yana zuwa akwatin kamfanin tarho da ke kawo intanet. Ɗayan yana kallon ciki, yana raba wa kwamfutocin ofis. Wanda ya haɗa ta ya daɗe da tafiya ci-rani, ya bar takarda guda mai lambobi. Wagdi ya ɗauke takardar ya sa a aljihun gaba, ya sa wa kabad kwaɗo, aka fara ce masa Injiniya. Da wasa aka fara, amma shi bai ɗauke shi wasa ba.

Shekara biyu Hajiya ba ta yi ko tari ba. Ko an ɗauke wuta, akwai akwatin batir da ke riƙe ta rabin awa. Sai wata Asabar da safe, bayan hutun Juma'a, Madam Afaf ta turo kujerarta baya ta ce, "Injiniya, Hajiyarka ta tashi da fushi. Babu abin da ke fita."

Ya buɗe kabad ya duba. Fitilun katin biyu suna ƙyaftawa lafiya lau. Ya aika ɗan saƙon gwaji zuwa kwamfutar Afaf, ta amsa. Ya aika zuwa akwatin kamfanin tarho, shi ma ya amsa. Ya aika can waje, shiru. Ya kira kamfani, wata yarinya mai sanyin murya ta ce layinsu ƙalau yake, ya kashe wayar yana cewa ai dama haka za su ce. Ya kashe Hajiya ya kunna, babu. Ya sake, babu. A karo na uku intanet ta dawo, ya gyara wuyan riga ya ce ya gano matsalar.

"Mece ce?" in ji Milad.

"Ba za ka gane ba."

"Allah ya ƙara ilimi," Milad ya faɗa yana dariya, ya tura masa rabin cukunsa.

Asabar ta biyu haka, ta uku ma haka, kuma ta ukun sai da aka kai azahar. A ranar ne Wagdi ya lura da wani abu. Hajiya tana rubuta lokacin da ta farka, kuma ta nuna da safen nan ta farka. Ke nan wani yana kashe ta. Kabad a kulle yake, amma wayar wutarta ta bi ta bango ta shiga soket ɗin da ke bayan teburin Milad. Makullin ofis kuwa uku ne. Ɗaya na Alhaji, wanda ciwon gwiwa ya hana shi hawa bene sai dole ta yi, ɗaya na Wagdi, ɗaya na Milad, kuma Milad ne ke buɗewa kullum.

Da a ce Milad ya yi shiru a ranar, wataƙila da abin ya wuce. Amma ya ga abokinsa yana gumi a bakin kabad, tausayi ya kama shi, ya ce, "Baban Hisham, me zai hana Romani, mijin 'yata, ya leƙo ya duba? Ai sana'arsa ce, shagonsa ma ga shi nan kusa da gada."

Wagdi bai juyo ba. Ya ce, "Har an kai nan?"

"Ina aka kai?"

"Babu komai."

Akwai komai. Kafin ya isa gida ya gama haɗa labarin tsaf. Suruki yana neman aiki, uban mata yana da makulli, soket yana bayan kujerarsa. Ya tuna Romani ya taɓa shigowa ofis ya daɗe yana kallon kabad. Ya tuna Milad ya taɓa tambayarsa wace waya ce ta waje. Tambayar ta shekara uku, amma Wagdi ba ya zubar da irin waɗannan, ajiye su yake yi. Ya ji zafin abin sosai, domin yana ƙaunar Milad. Milad ne ya kwana uku a asibiti lokacin da aka yi wa Hisham, ɗan Wagdi, tiyata. Sai dai a wurin Wagdi wannan ma hujja ce, don wa zai cuce ka in ba wanda ka saki jiki da shi ba?

Ranar Alhamis ya bari kowa ya fita, ya tsinke zare daga gefen hankicinsa, ya ɗora a kan filogin ya manne da yawu. Ya barbaɗa dusar katako kaɗan a ƙasan soket. Asabar ya zo ya tarar da zare yana nan, dusa ko sawun kiyashi babu, intanet kuma babu. Wani zai ce to ba daga nan ba ne. Wagdi ya girgiza kai ya ce a ransa, ashe mutumin nan ya fi yadda nake zato wayo.

Wannan Asabar ta huɗu ta zo da tsiya. Akwai kwantena biyu da ake jiran a tura takardunsu kafin sha biyu, ba su tafi ba sai bayan la'asar, jirgi kuma ba ya jiran kowa. Alhaji Bayumi ya aiko a kira Injiniya. Wagdi ya same shi a ƙasa a kan kujerar da ba a gama sassaƙawa ba, injin yankan katako yana ihu a bayansu.

"Wagdi, ni ban san kan abin nan naku ba. Ni katako na sani. Ka faɗa mini gaskiya, tsohuwar ce ta gaji ko kai ne ka gaji?"

Nan ne fa. Da ya ce bai sani ba, da an wuce wurin. Amma kalmar nan ba ta taɓa fita daga bakinsa a gaban Alhaji ba. Ya matso ya rage murya.

"Alhaji, na'ura ba ta kashe kanta. Kashe ta ake yi."

"Wa?"

"Ni ban kama hannun kowa ba. Amma makulli uku ne. Kai ba ka hawa, ni ba zan ɓata aikina ba. Kuma akwai mai surukin da ke neman aikin."

Alhaji ya kalle shi ya ce, "Milad? Mutumin da ko biro ba ya kaiwa gida?"

"Ni dai ban ambaci suna ba."

Washegari Alhaji ya karɓi makullin Milad. Ya ce wai yana so ya rage yawan makullai, amma a ma'aikatar da mutum talatin ke aiki, kafin shayin hantsi kowa ya san fassarar. Milad ya hau bene a hankali ya zauna, ya daɗe bai kunna kwamfutarsa ba. Da Afaf ta shiga ɗaya ɗakin, sai ya leƙo ta saman takardu.

"Baban Hisham, wani ya shafa mini kashin kaji a wurin Alhaji. Shekara goma sha tara! Kai da ka iya karanta mutane, wa kake zargi?"

Wagdi ya ce, "Duniya ce, Milad. Ka yi haƙuri." Ya ji kunya, amma bai ji ta kai ta hana shi cin biredin da Milad ya miƙo masa ba.

Zargi ba ya ƙoshi. An raba Milad da makulli, amma Wagdi ya ce wa ya sani ko ya yanka wani? Don haka ranar Alhamis, da aka tashi bayan la'asar, ya yi sallama da kowa, ya zagaya ta lungu ya dawo ta ƙofar gefe, ya zauna a bayan kabad a kan kwalin takardu. Mutum mai shekara hamsin da biyu, da tumbinsa da tabaransa, ya laɓe yana jiran amininsa.

Injinan ƙasa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Kafintoci suka wanke hannu suka watse. Can sai fanka ta tsaya, firjin ofis ya yi tsit, akwatin batir ya fara ƙara, ƙit, ƙit. Ba wanda ya shigo. Wagdi ya lallaɓa ya leƙa ta saman bene. Alhaji Bayumi ne a tsaye a gindin babban makunnin wutar ginin, hannunsa yana kan mariƙin da ya gama ja ƙasa, yana karanta addu'a. Ya shinshina iska, ya taka wani guntun sigari da ya riga ya mutu, ya ja ƙofar ƙarfe ya tafi.

Sai a lokacin Wagdi ya tuna gobarar da ta cinye ma'aikatar maƙwabcinsu makonni biyar da suka wuce, ranar Juma'a, ana masallaci, daga waya guda da ta yi zafi a cikin dusar katako. Duk tsohon kafinta a Dumyat da haka ya tashi, wanda ya fita ƙarshe shi ke yanke wuta. Alhaji ya bar al'adar da aka kawo firji da kwamfutoci, gobara ta dawo masa da ita, kuma bai ga abin sanarwa a ciki ba. Ginin nasa ne, a ganinsa kuma intanet ta wayar tarho take zuwa, ina ruwanta da wuta? Wagdi ya zauna yana sauraren batir har ya ƙare, gunagunin Hajiya ya ɗauke.

Juma'ar nan ko huɗuba bai fahimta ba. Milad ya fita daga zargi, wannan ya tabbata. Amma Wagdi ya san wani abu kuma. Lafiyayyar na'ura in an ɗauke wuta aka dawo da ita, tashi take yi ta kama aikinta. Me ya sa tasa take tashi a birkice?

Asabar ƙarfe shida da rabi yana ofis. Alhaji ya mayar da wuta a ƙasa, Hajiya ta farka, kuma kamar kullum ciki yana amsawa, akwatin kamfani yana amsawa, waje shiru. A nan ya saba tsayawa ya kashe ya kunna. Yau babu wanda zai zarga, don haka dole ya duba. Ya buɗe jerin hanyoyin da take bi in za ta aika saƙo, ya fito da tsohuwar takardar daga aljihu ya shimfiɗa a gefe. A ƙarƙashin kowane kati akwai gurbin da ake rubuta ƙofar fita, wato inda saƙo zai bi in waje za shi. A takardar, katin waje yana da lambarsa. A katin ciki kuwa, wanda ya haɗa ta ya ja ɗan layi ne kawai, alamar a bar shi fayau. A fuskar kwamfutar gurbin a cike yake.

Ya san hannun da ya cike shi. Shekara biyu da suka wuce, da faifan ajiyar bayanan Hajiya ya lalace ya sake shigar da komai, ya iso gurbin nan ya ga babu komai, ransa bai kwanta ba, ya kwafi wata lamba ta cikin ofis ya zuba. Ya ba ta ƙofa biyu, ɗaya ta titi, ɗaya ta ɗakin ajiya. Duk katin da ya riga farkawa shi take bi. A wancan karon ta dace da na waje, kuma tun daga nan ba ta sake kwanciya ba sai da Alhaji ya fara yanke wuta. Kashewa da kunnawar da yake yi yana gyara wuyan riga, ashe caca ce kawai.

Ya goge lambar. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Ya kashe ya kunna sau uku don ya tabbatar, sau ukun intanet tana zuwa.

Ƙarfe bakwai da rabi Afaf ta iso, Milad yana bayanta. Ta taɓa kwamfutarta ta yi guɗa. "Yau Hajiya da fara'a ta tashi! Injiniya, turare ka yi mata?" Ba a jima ba aka ji takun sanda a bene. Alhaji da kansa, yana hawa yana nishi, yana tsayawa a kowane mataki na uku. Ya tambaya, aka ce komai lafiya. Ya gyaɗa kai, ya kalli Wagdi irin kallon nan na ai ka faɗa, sannan ya juya wurin Milad.

"Asabar huɗu tana mutuwa. Na karɓi makulli, ta warke. Milad, ba zan tozarta ka ba, mun ci gishiri tare. Ka ƙarasa watan nan, sai ka huta."

Milad ya miƙe tsaye. Wagdi kuwa ya ga hanya a buɗe a gabansa, shimfiɗaɗɗiya. In ya yi shiru, babu mahaluƙin da zai taɓa sanin gurbin nan. Lambar ta goge, takardar tana aljihunsa, sunan Injiniya yana nan. Kuma ya yi shirun. Alhaji ya juya, ya kai bakin ƙofa, ya sa sanda a matakin farko.

"Alhaji, tsaya."

Ya faɗi komai. Ya faɗi makunnin wuta, ya faɗi katin biyu, ya fito da takardar ya nuna ɗan layin da yatsa. Ya ce laifin nasa ne, shekara biyu yana kwance a ciki, Milad ko kusa da shi bai je ba. Alhaji ya saurara baki buɗe, sannan ya buga sanda a ƙasa.

"To don me ka zo ka ce mini Milad ne?"

Afaf ta dafe ƙirji. Milad ya juyo a hankali ya dubi Wagdi. Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce, "Kai ne?"

"Milad, soket ɗin yana bayanka, kuma da ka kawo maganar Romani..."

"Tsakanin teburina da naka taku biyu ne, Wagdi. Ba ka iya juyowa ka tambaye ni ba? Ni fa har tambayarka na yi wa kake zargi."

Alhaji ya laluba aljihun jallabiyarsa ya fito da makullin, ya miƙa da hannu biyu. "Karɓi, ɗan'uwana. Ka yafe mini, tsufa ne." Milad ya kalli makullin ya girgiza kai. Ya ce ya yafe, aikinsa kuma zai ci gaba da yi tunda yana da iyali, amma makulli a bar shi inda yake. Alhaji ya yi rantsuwa, Afaf ta sa baki, bai karɓa ba.

Ba a karɓe kabad daga hannun Wagdi ba, shi ne ya cire kwaɗon da kansa, ya manna takardar a jikin ƙofa inda kowa zai gani. Ya je gidan Milad sau biyu da kwalin alawar mushabbak, aka karɓe shi da mutunci, aka ba shi shayi a falon baƙi. Sun ƙara shekara shida tebur na kallon tebur. Milad yana gaishe shi, yana tambayar Hisham, bai taɓa tayar da maganar ba.

Amma kullum da safe Milad yana isowa ƙarfe bakwai da rabi kamar yadda ya saba, ya tsaya a gindin bene da jakarsa a hammata, kafintoci suna wucewa suna gaishe shi, yana jiran a zo a buɗe masa. Wagdi ya koma fitowa da wuri don kada ya tarar da shi a tsaye. In ya riga shi, sai ya bar ƙofa a wangale ya hau. In Milad ya iso, sai ya tsaya a ƙasa, ya ƙwanƙwasa buɗaɗɗiyar ƙofar, ba ya hawa sai an ce masa ya shigo.